Daga Akra zuwa Cape Coast da Elmina a yini ɗaya: me zai yiwu, me za a bari?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, na zo Akra na sauka a Nima tare da mahaifiyata da maiɗakina da yara biyu, ɗan shekara 12 da 'yar shekara 9. Rana ɗaya ce tak ta rage mana ba hidima kafin mu koma gida. An ba mu labarin gidajen bayi na Cape Coast da Elmina, da gadar igiya ta dajin Kakum, da kogin Assin Manso. Za mu iya zaga su duka mu dawo Akra a ranar? Motar haya za mu shiga ko shata za mu ɗauka? Hajiya tana fama da ciwon gwiwa."

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Idan na fahimce ka, mutum biyar ne ku, akwai dattijuwa da ƙananan yara, kuna son wurare huɗu a rana guda, ku kwana a Akra. Amsar a taƙaice ita ce huɗun ba za su yiwu ba, uku ma da ƙyar ne, amma biyu za su yiwu cikin natsuwa, har ku ci abinci ku yi salla ba gaggawa. Dalilin kuwa lissafin lokaci ne, don haka da shi zan fara.

Awa nawa ke hannunku?

Tsakanin Akra da Cape Coast kusan kilomita 150 ne. A ido tafiyar awa biyu ce, amma a hanya awa uku ce idan an yi sa'a, wani lokaci har huɗu. Titin yana ratsa garuruwa ɗaya bayan ɗaya: Mallam, Kasoa, mararrabar Winneba, mararrabar Apam, Mankessim, Saltpond, Anomabo, Biriwa, Yamoransa. Kowane gari da tudun rage gudu, da masu talla a bakin titi, ga shingen 'yan sanda nan da can. Babbar matsalar ita ce Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmarmu ta "kasuwa" ya samo asali. Mutanen da ke kwana can suna aiki a Akra ba su ƙirguwa, saboda haka da safe cunkoson na masu shiga Akra ne, da yamma na masu fita. Wannan ya yi muku daidai a ranakun aiki, domin ku kishiyar jama'a za ku bi. Ranar Asabar da safe lamarin yakan juye, masu zuwa jana'iza da biki a ƙauyuka sukan cika hanyar fita, ranar Lahadi da yamma kuma su cika hanyar dawowa.

Abu na biyu shi ne rana. A gaɓar tekun Gana gari yakan waye wajen ƙarfe 6, rana ta faɗi wajen ƙarfe 6, kusan duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri bayan magariba. Ba na ba kowa shawarar bin wannan titi da dare da iyali. Yawancinsa hanya ɗaya ce ta masu zuwa da masu dawowa, ga manyan motoci, ga masu wuce juna a kwana, ga motar da ta lalace an bar ta ba fitila. Kenan idan kun tashi ƙarfe 5 na asuba kuka isa wajen 8:30 ko 9, dole ku juyo ƙarfe 3 na rana domin magariba ta same ku kusa da Akra. Abin da ya rage muku a can awa 6 ne. Ka kuma tuna agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, ka duba wayarka ta gyara kanta kafin ka yi alkawari da direba.

To, a raba awa shidan nan. Gidan bayi na Elmina da kallon bakin ruwan masunta, awa 2. Daga Elmina zuwa Cape Coast kilomita 12 ko 13 ne, minti 25 zuwa 30 da cunkoson cikin gari. Gidan bayi na Cape Coast da ɗakin tarihinsa, awa 1 da rabi zuwa 2. Salla da abinci, awa 1 ko fiye. Ka ga shidan sun ƙare ke nan. Kakum yana kusan kilomita 30 arewa da Cape Coast, zuwa da dawowa da hawan gadar ba za su gaza awa 3 da rabi ba. Assin Manso kuwa yana kan hanyar Kumasi, kusan awa ɗaya daga mararrabar Yamoransa, ga kuma dawowa. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya, balle huɗu.

Waɗanne biyun?

Da yake akwai Hajiya da gwiwarta, Elmina da Cape Coast nake zaɓa muku, ku fara da Elmina. Hikimar ita ce a fara da wuri mafi nisa, a riƙa matsowa gida yayin da rana ke tafiya. Babban titin ba ya shiga tsakiyar Cape Coast, yana bi ta gefe ya wuce ƙofar jami'ar garin, ya bi bakin teku cikin itatuwan kwakwa har mararrabar Elmina. Ban da haka, da safe ne bakin ruwan Elmina yake da rai, lokacin da kwalekwalen da suka kwana a teku ke shigowa da kifi.

Mutanen garin Edina suke kiransa. Gidan da za ku gani Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 ƙarƙashin jagorancin Diogo de Azambuja, kuma shi ne ginin Turawa mafi daɗewa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara. Da farko zinariya suka zo saye, daga baya cinikin ya koma na mutane. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, suka riƙe shi fiye da shekara 200, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. A cikinsa Turawan Ingila suka tsare Sarkin Ashanti Prempeh na Ɗaya bayan sun kama shi a 1896, kafin su kai shi Saliyo, daga can zuwa tsibiran Seshel. Ba a shiga a zaga kai kaɗai. Ana tara baƙi rukuni-rukuni, ɗan jagora na hukumar kula da kayan tarihi ta Gana ya zaga da su, minti 45 zuwa awa ɗaya. Akan buɗe wajen ƙarfe 9 na safe a rufe wajen 4:30 na yamma, shi ya sa isa da wuri ke sa ku shiga rukunin farko kafin motocin 'yan makaranta su iso.

Za a nuna muku tsakar gidan da aka tsare mata, da barandar da gwamna ke tsayawa daga sama ya zaɓi wadda yake so. Za a nuna muku cocin Fotugal da ke tsakiyar fili, wanda mutanen Holan suka mayar wurin ciniki. Akwai ɗan ɗaki marar taga mai hoton ƙoƙon kai a saman ƙofarsa, inda ake jefa wanda ya yi tawaye a bar shi ba ci ba sha. Daga ƙarshe akwai ƙofar da ake kira ta tafiya ba dawowa, tsaga ce a jikin bango wadda mutum ɗaya ne ke iya bi, ta nan ake fitar da bayi zuwa jirgi. Wajen isa gare ta sai an sunkuya, rufin gajere ne. Duk wannan a ƙasa yake, Hajiya za ta iya. Ɗakunan gwamna ne ke sama, matakalarsu tana da tsayi, sai ta zauna a inuwa a tsakar gida ta jira ku, ba ta rasa wani abu mai yawa ba.

Daga gadar da ke ƙofar gidan ana ganin bakin tafkin Benya cike da kwalekwale masu fenti da tutoci, da kasuwar kifi. Minti 15 a nan ya isa, kuma yara za su fi tuna shi fiye da komai. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki mai kifi ko masunci hoto ba ka tambaya ba, suna jin haushin haka ƙwarai, kuma suna da gaskiya. A kan tudun da ke fuskantar gidan akwai wata ƙaramar ganuwa, St. Jago. Daga wannan tudun ne mutanen Holan suka yi wa Fotugal ruwan igwa a 1637, sannan suka gina ganuwa a kansa don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. Hawan minti 10 ne amma a miƙe yake. Kai da yara ku hau idan lokaci ya bari, daga can za ku ga gari da tafki da teku gaba ɗaya.

Wani abu da zai same ku tun a wurin ajiye mota: samari za su tare ku da fara'a, su tambayi sunayenku. Kafin ku fito sun rubuta sunan a jikin ƙwaryar dodon koɗi ko sun saƙa shi a abin hannu, su ce kyauta ce, sannan su kawo takardar neman taimakon ƙungiyar ƙwallo. Ba masu cutarwa ba ne, neman abinci suke. Idan ba ka so, kada ka ba da suna, ka ce na gode ka wuce. Ka gaya wa yaran tun a mota.

Cape Coast, da abin da ya sa bai zama maimaici ba

Mutane kan ce wanda ya ga ɗaya ya ga duka. Ban yarda ba. Cape Coast, wanda Fantawa, ƙabilar yankin, ke kira Oguaa, shi ne hedikwatar mulkin Ingila a wannan gaɓa har 1877 da aka mayar da ita Akra. Mutanen Suwidin suka fara kafa gidan a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya tabbata ga Ingila bayan shekara goma sha ɗaya. Shi da na Elmina da sauran ganuwoyin gaɓar Gana suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 1979. Shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya ziyarce shi da iyalinsa a watan Yuli na 2009, akwai allon tunawa a bango.

Abin da ya bambanta shi shi ne kurkukun maza. Ana gangarawa ta wata hanya mai santsi zuwa ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa, iska da haske ba sa shiga sai ta ƙananan kafofi can sama. 'Yan jagora kan ce akan cusa maza har 1,000 a ciki lokaci guda, su yi makonni ko watanni suna jiran jirgi. Daɓen da za ku taka ba bulo ba ne tsantsa, abin da ya fita daga jikin mutanen ne ya taru ya daskare a kansa. A saman wannan kurkukun kuma aka gina ɗakin ibadar Turawan. Idan ɗan jagora ya kashe fitila na ɗan lokaci don ku ji yadda duhun yake, manya ma sukan yi kuka. A sama akwai ɗakin tarihi mai taswirori da sarƙoƙi da bayanin yadda cinikin ya gudana har Ingila ta haramta shi a 1807, kuma ya fi na Elmina bayani.

Ga abubuwa biyu da ya kamata ka sani tun kafin ku shiga. A ƙarshen kurkukun maza akwai wurin tsafin mutanen garin, wani lokaci za ka tarar da mai kula da shi zaune, ana zuba abin sha a ƙasa, baƙi na ajiye kuɗi ko furanni. Ba wanda zai tilasta muku komai, ku tsaya gefe cikin mutunci har a wuce. Sai kuma gangaren da na ambata. Ga mai ciwon gwiwa saukar ta fi hawan wuya, ga zafi da ƙarancin iska a ciki. Idan Hajiya ta gaji a Elmina, ta zauna a filin sama kusa da igwogin da ke kallon teku, akwai iska mai daɗi. Haka duk mai asma ko hawan jini ko wanda ƙuntataccen wuri ke tayar masa da hankali. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan a kan lafiyarta, wanda ke duba ta shi ya fi sanin abin da jikinta zai ɗauka.

'Yar shekara 9 za ta iya shiga, amma ka shirya ta tun a hanya da kalmomi masu sauƙi, ka riƙe hannunta a cikin duhun. Kuma ina roƙonka kada ka gabatar wa yaran wurin a matsayin labarin wasu mutane can. Cikin waɗanda aka tsare a ɗakunan nan akwai 'yan arewa da aka gangaro da su ta ƙasar Ashanti. Salaga, kasuwar da kakanninmu fataken goro suka sani a fataucin Gwanja, kasuwar bayi ce kuma. Sannan Hausawa sun yi wa Turawan Ingila aikin soja a yaƙinsu da Ashanti na 1873 zuwa 1874, kuma tsofaffin sojoji da fatake suna cikin waɗanda suka kafa zangon garuruwan gaɓar nan. Tarihin ya taɓa mu ta fuska fiye da ɗaya. Wurin ba na dariya da ɗaukar hoton nishaɗi ba ne, za ku tarar da baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika waɗanda suka zo kamar masu ziyarar kabarin iyaye.

Idan yara suka nace sai Kakum

Yana yiwuwa, amma Elmina za a sadaukar. Sai ku wuce Kakum kai tsaye da safe, ku sauko Cape Coast da azahar. Gadar an buɗe ta a 1995, guda bakwai ce a jere, tsawonsu duka kusan mita 350, an ɗaure su a jikin manyan itatuwa, wani wurin mita 30 zuwa 40 daga ƙasa. Faɗin abin takawa katako ɗaya ne, raga ta kare gefe biyu har ƙirji, tana lilo idan mutane sun yi yawa a kai. Wanda ya tsorata bayan gada ta farko akwai gajeriyar hanyar fita. Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne kafin a kai gadar sai an hau tudu mai duwatsu na minti 15 zuwa 20 cikin gumi. Wannan ba na Hajiya ba ne, zama za ta yi a wurin karɓar baƙi kusan awa biyu. Takalmi rufaffe ake sawa, ba silifas ba, kuma mai dogon hijabi ko doguwar riga ta tattare ta, ta sa wando a ciki, domin hannu biyu ake riƙe igiya. Kada yara su sa rai da ganin giwa. Akwai giwayen kurmi a dajin, amma suna can ciki nesa da hayaniya, abin da za a gani itatuwa ne da tsuntsaye da malam buɗe littafi. A ganina, barin dattijuwa zaune ita kaɗai rabin yinin da aka fito dominta bai dace ba, shi ya sa ban sa Kakum a gaba ba.

Assin Manso, inda ake yi wa bayi wankan ƙarshe a kogi kafin a kai su gaɓa, ya fi dacewa da wanda ya taso daga Kumasi, don a kan hanyarsa yake. Ku bar shi sai wani zuwan.

Shata ko haya

Ku ɗauki shata. Motocin haya zuwa Cape Coast suna tashi daga tashar Kaneshie, suna da araha, amma sai sun cika suke tashi, kuma za su sauke ku a tasha ne ku sake neman tasi zuwa Elmina, ku sake neman wata zuwa Cape Coast, da yamma ku koma tashar Tantri ku jira wata ta cika. Kowane sauyi yana cin minti 20 zuwa 40 daga awa shidan nan. Ga mutum ɗaya ko biyu masu ƙarfi a jika hakan ba laifi, a cikin gari ma akwai tasi na haɗaka da keke mai ƙafa uku da suke kira pragya. Ga mutum biyar kuwa, idan ka tara kuɗin kujeru biyar zuwa da dawowa da na tasi, tazarar da ke tsakaninsa da shata ba ta kai wahalar ba.

Ku biyar ga direba na shida, kenan ƙaramar mota ba za ta yi ba, mai kujera bakwai za ka nema. Mai masaukinka a Nima ya samo maka direban da aka sani, wanda ya saba da hanyar. Ku gama magana tun daren da ya gabaci tafiyar a gaban shaida: wuraren da za a je da sunansu, wa zai sayi mai, kuɗin jira yana ciki ko babu, abincin direba, da lokacin juyowa. Rigimar da aka fi yi ita ce direba ya ce shi Cape Coast aka ce masa, Elmina ƙari ne. Ka ba da rabi da safe, rabi idan kun dawo. Ka duba tayoyi da safaya da fitilu da idonka, a sha mai tun dare don kada a ɓata lokacin asuba a gidan mai. Ka kuma ce masa a fili ba ka son gudu da wuce mota a kwana, ko da za a makara.

Kuɗi, takardu, salla da abinci

Ka canza kuɗinka zuwa sidi tun a Akra, naira ba ta da saurin canzuwa a Cape Coast. Ka riƙe ƙananan takardu, domin masu kwakwa da masu tasi ba sa samun canjin manya. Kuɗin shiga hawa-hawa ne: na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na yara da ɗalibai ƙasa da na manya, kuma kowane gida da nasa tikitin. Farashin yana sauyawa, saboda haka ka sa mai masaukinka ya tambayo na wannan watan, ka ƙara wani abu a kai na alherin ɗan jagora. Ku riƙe fasfo ko katin ECOWAS na kowa, saboda shingen hanya.

Tafiyar ta wuce nisan da malamanmu na Malikiyya suka sa wa ƙasaru, wato wajen kilomita 80, kuma ku dama matafiya ne. Batun haɗa azahar da la'asar ka tambayi malaminka kafin ranar, don ka san abin da za ka yi ba tare da shakka ba. Azahar tana shiga jim kaɗan bayan 12, la'asar bayan 3. Akwai masallaci da jama'armu a wajen kasuwar Kotokuraba a Cape Coast, Elmina ma tana da zango, kana cewa "zongo" kowane mai tasi ya gane. Idan salla ta kama ku a bakin hanya, ga alama mai sauƙi: teku tana kudu, gaɓar kuma ta miƙe ne gabas tana karkata arewa, don haka idan ka sa teku a damanka ka fuskanci wajen Akra, ka yi kusa ƙwarai da alƙibla. Ku sa buta da darduma da jarkar ruwa a mota.

Abinci kuwa kifi ne mafi kwanciyar hankali. Gidajen abinci na gari sukan dafa naman alade da naman daji, sau da yawa a kicin ɗaya da sauran, saboda haka ko dai ku ci soyayyen kifi da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da yajin shito, ko ku nufi zango inda za ku sami wake da shinkafa irin na Gana da tuwon zafi a hannun mutanenmu, ku yi ciniki da Hausa. Shito yana da zafi, a ɗanɗana wa yara kaɗan tukuna. Gidan abinci na zama a bakin teku yakan ɗauki minti 45 kafin a kawo abin da aka ce, wannan jiran ya sha rusa wa mutane lissafi. Karin kumallo ku tafi da shi daga Nima, koko da ƙosai ko burodi da shayi a fulas, a ci a mota. Ruwan sha lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, domin zafin gaɓa mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Kano ba, yana tsotse mutum bai sani ba.

Teku

A nan zan ja kunne sosai, domin mu mutanen tudu ba mu san ta ba. Tekun wannan gaɓa ba kogi ba ce, ba kuma dam ba. Igiyar ruwa takan zo ta daki mutum, idan za ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta ja shi ciki, kuma akwai wuraren da ruwan ke komawa da ƙarfin da gwanin iyo ma ba ya iya ja da shi. Yawancin bakin ruwan babu masu ceto. Za ku ga yaran masunta suna wasa a ciki kamar kifi, a nan aka haife su. Naku kada ruwa ya wuce musu idon sawu, babba na riƙe da hannunsu, kuma kada kowa ya juya wa teku baya don a ɗauke shi hoto. Duwatsun da ke ƙasan gidan Cape Coast suna da gansakuka, kada a hau.

Wace rana, wane wata

Litinin, Laraba ko Alhamis sun fi. Ranar Talata masuntan wannan yanki ba sa fita teku bisa al'adarsu, za ku ga kwalekwale a ɗaure ana gyaran koma, kasuwar kifi ba armashi. Juma'a da Asabar ranakun motocin makarantu da ƙungiyoyi ne, haka ranakun hutu irin 6 ga Maris da Litinin ɗin Ista, da ƙarshen Disamba lokacin da baƙi daga ƙetare ke cika wurin. Idan Juma'a ce kaɗai ranarku, ku gama Elmina da safe, ku sami Juma'a a Kotokuraba, ku shiga gidan Cape Coast bayanta, ku haƙura da zaman cin abinci. Talatar farko ta Yuli bikin Bakatue ne a Elmina, Asabar ta farko ta Satumba kuma Fetu Afahye a Cape Coast. Bukukuwa ne masu kyan kallo, amma tituna a rufe suke, ba ranar mai yini ɗaya ba ce. Ruwan sama ya fi ƙarfi a Mayu da Yuni, yana kuma dawowa kaɗan wajen Oktoba. Gidajen bayin ana shiga ko ana ruwa, Kakum ne ruwa ke ɓatawa.

Tsaraba a hanyar dawowa ake saye. A Yamoransa mata na jere da dokunun Fantawa a naɗe cikin ganyen ayaba, yana kwanaki bai lalace ba. Gaba kaɗan, tsakanin Mankessim da mararrabar Apam, akwai abarba mai zaƙi a bakin titi. Kifi kuwa na banda za ku saya, ɗanye ba zai jure awa huɗu a but ba sai da kula da ƙanƙara. Tsayawa biyu ta minti 10 ta isa.

Idan ƙarfe 4 ta yi muku kuna Cape Coast, saboda mota ta ba da matsala ko jiki ya ƙi, kada ku kama hanya. Akwai masaukai masu sauƙin kuɗi a Cape Coast da Elmina, ku kwana ku tashi bayan asuba. Saboda haka ka sa maganin Hajiya na kwana biyu a jaka, da kayan sauyawa ɗaya na yara, ka kuma yi wannan maganar da direba tun daren da kuke ciniki, har da abin da za a ƙara masa idan kwana ya kama. Kada ka sa wannan tafiya a ranar da jirginku zai tashi da dare ko washegari da sassafe.